Tsakanin Rumfa da Ɗaki

Ni na rubuta takardar da ta sa aka karɓe makullai daga hannun Malam Ya'ƙub. Gara in fara da wannan kada wani ya riga ni faɗa.

Sunana Rahma, a Jega nake zaune, kuma rubuta manhaja ce sana'ata. Shekara biyu da suka wuce wata ƙaramar ƙungiyar manoma mai suna Albarkar Fadama ta gina wurin ajiyar albasa a bayan garin Aliero: doguwar rumfar shanya guda, da ɗakuna sittin masu tagogin shan iska. Manomi zai kawo albasarsa a shimfiɗa ta a rumfa har wuyanta ya bushe, kwana goma ko sha biyu, sannan a mayar da ita ɗaki ta jira damina. Ɗakunan ba sa isa, don haka layi ake bi, kuma sunanka a jerin rumfa shi ne layinka. Kowace safiya ana buga takarda biyu a miƙa wa leburori, ta rumfa da ta ɗakuna. Su kuwa leburori ba ruwansu da fuskar kowa. Albasar da ba ta da suna a takarda bayan katanga suke kai ta, don a samu wurin shimfiɗa ta wani.

Manhajar da ke riƙe da sunayen nan tawa ce. Da yaren kwamfuta da ake kira Java na yi ta, kuma na yi alfahari da ita fiye da yadda ya kamata. Mai zama a gabanta, mai kuma riƙe da makullan wurin, shi ne Malam Ya'ƙub, dattijo ɗan Jiga Makera, tsohon malamin firamare, irin mutanen da za su gaishe ka har ka manta abin da ya kawo ka. Ni na koya masa laftof. Da yatsa biyu yake bugawa, yana motsa baki kamar mai biya karatu, amma bai taɓa sa na maimaita masa abu sau uku ba.

A bazarar bana sunaye suka fara ɓata. Na farko wani mutumin Liba ne, aka ce ƙila shi ne bai yi rajista da kyau ba. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Cikin sati biyar mutum bakwai suka zo suka tarar da albasarsu a bayan katanga, ba sunansu a rumfa, ba shi a ɗaki. Dukansu ƙananan manoma ne masu zuwa daga nesa, ba wanda yake da wani babba a ƙungiya.

Na bakwai shi ne Tamu, mutumin Gumbin Kure, kuma shi bai iya haɗiye magana ba. Ina ofishin shugaban ƙungiya, Alhaji Mukhtar, ya shigo da albasa biyu a hannu ya ajiye su a kan tebur. Sun yi laushi, ruwa na tsatsowa daga wuyansu.

"Alhaji, duba man wagga," in ji shi. "Ni da kaina nit tsaya gaban Malam, yac ce man an gama, in tahi gida. Nik koma Gumbin Kure hankalina kwance. Yau in zo in iske noman shekara bayan katanga, ya dahu awa an sa shi tukunya. Ɗakin da za a ba ni kuwa, wa ac ciki? Albasar manya."

Alhaji Mukhtar ya ba shi haƙuri ya sallame shi, sannan ya juyo gare ni.

"Rahma, na'urar taki tana ƙarya?"

"Ba ta yi, Alhaji. Abin da anka sa mata shi taka riƙewa."

Da ƙarfi na faɗa, har da gyara zama.

"To ki zauna kusa da Malam kwana ukku," ya ce. "Kar ki ce mishi komi. Ki ce gyara kika yi."

Haka na yi ta shiga motar Aliero da safe ina komawa Jega da la'asar. Malam Ya'ƙub ya ji daɗin zuwana, ya sa aka kawo mini kujera mai kyau, kullum sai ya raba furarsa biyu. Ni kuwa ina sha ina kallon hannunsa. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma wanda aka aika ya nemo ɓarawo, duk wanda ya sosa kunne a gabansa ya zama abin dubawa. Ya juya laftof kaɗan don hasken taga, na ce ɓoye mini yake yi. Ya fita amsa waya, na ce da wa yake shirya magana.

Rana ta biyu na ga abin da na zo nema, ko in ce abin da na ga dama na gani. Yana cikin yi wa wani manomi aiki sai wani babban dillali ya yi sallama, babbar riga sai ƙamshi. Nan take Malam Ya'ƙub ya sauke murfin laftof, ya miƙe, ya ba shi hannu biyu. An kwan lahiya, ƙaƙa gida, ƙaƙa ɗiya, ƙaƙa jikin Hajiya, ƙaƙa hanya, an ji rasuwar wane, Allah shi jiƙan musulmi. Aka zaga aka sake dawowa kan gida. Da aka ƙare ya buɗe, ya shigar da lambar sirrinsa, ya fara da dillalin. A ranar dai ba sunan da ya ɓata, don bai riga ya taɓa na manomin ba, amma ni na riga na rubuta a zuciyata cewa mutumin nan yana rufe allo da zarar manya sun shigo.

Da na koma gida na buɗe log, wato littafin da manhaja ke rubuta duk abin da aka taɓa da lokacin da aka taɓa shi. Sunaye bakwai, duka da lambar Malam Ya'ƙub aka fitar da su daga rumfa. Kuma kowanne, kafin rabin awa ta cika, an ba wani babban mutum ɗaki. Na ji baƙin ciki, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ma, don manhajata ta fita. Na rubuta shafi biyu, na jera ranaku da lokuta, na sa hannu.

A ƙarƙashin rumfa aka karanta takardar, gaban mutum sama da arba'in. Malam Ya'ƙub yana tsaye, hularsa a daidai, bai katse kowa ba. Da aka ce ya yi magana sai ya ce, "Ni dai abin da anka koya man shi nika yi. Ban san na cuci kowa ba." Ya ciro makullai daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Aka ɗora Safwan a wurinsa, wani magidanci da ya yi aikin shagon waya a Birnin Kebbi. Shi ko Sarkin Noma ya shigo, daga inda yake zaune zai amsa sallama, idonsa a kan allo. Daga ranar ba sunan da ya sake ɓata. Kowa ya ce to, biri ya yi kama da mutum.

Sati uku bayan haka ina gida da rana, ina gwada wani ƙarin shafi da aka ce in yi. Na ƙirƙiri sunan gwaji, na sa shi a rumfa, na danna maɓallin fitarwa. Shafi na biyu ya buɗe, wanda ake zaɓar ɗaki. Sai na ji sallamar Gwaggo A'i, yayar babana, ta iso daga Maiyama ba sanarwa. Ban yi wani tunani ba, na sauke murfin laftof na tashi na durƙusa. Ba a gaida Gwaggo A'i a tsaye, kuma ba a gaishe ta a gurguje. Na kawo ruwa, na ji labarin ƙafarta da na akuyar da ta haifi uku.

Da na dawo na buɗe, manhaja ta nemi lambar sirri. Na shiga na duba rumfa, ba sunan gwaji. Na duba ɗakuna, ba shi. Na sake dubawa.

Na buɗe rubutun manhajar, wanda na yi da hannuna na kuma rantse a kansa. Bari in faɗi abin da na gani yadda kowa zai gane. A irin wannan manhaja, kowane abu da ake ajiyewa yana da wakilinsa, entiti bin muke ce masa. Gurbin rumfa yana da nasa, ɗaki yana da nasa. In ka kira shi kai tsaye daga shafi ka ce ya canza wani abu, zai canza ya rufe maganar nan take, ba ruwansa da ko akwai saura. Mayar da albasa ɗaki kuwa aiki biyu ne da bai kamata su rabu ba: a cire suna can, a sa shi nan. Ƙa'idar ita ce a ɗaure su wuri ɗaya a cikin abin da muke kira tiransakshan, ko duka su tabbata ko duka su warware a koma yadda ake. Ana yin haka ne ta hanyar ɗan tsakani guda, seshan bin, wanda zai jira sai an gama zaɓe sannan ya yi aikin biyu a tare. An koya mana wannan, na ma ci shi a jarrabawa. Amma ina sauri lokacin da nake rubutawa, sai na sa shafin farko ya kira bin na rumfa da kansa, na biyu ya kira na ɗaki da kansa. Tsakaninsu ba abin da ya riƙe sunan mutum.

Akwai kuma na biyu. Don tsoron kada wani ya taɓa laftof in Malam ya fita, a farkon bazarar bana na sa manhaja ta riƙa korar mai aiki in ya yi minti goma bai danna komai ba. Ni na zaɓi goman nan, ina ganin dabara na yi. Ban taɓa tsayawa na auna tsawon gaisuwar dattawan Aliero ba.

Na koma log ɗin, wanda na karanta da idon mai neman ɓarawo. Wannan karon na duba abin da ke tsakanin layuka. Sunan mutumin Liba: an fitar, shiru na minti goma sha huɗu, an sake shiga. Na Tamu: an fitar, shiru na minti goma sha bakwai, an sake shiga. Duka bakwai haka suke. Babba ya shigo ana tsakiyar aikin ƙarami, Malam ya rufe allo don bai iya gaida mutum yana kallon wani abu ba, manhaja ta kore shi. Ya buɗe ya sallami babba, ya nemi sunan manomi a rumfa bai gani ba, ya ɗauka ya riga ya shiga ɗaki. Ni da bakina na koya masa cewa duk sunan da ya bar rumfa yana ɗaki. Laifi tudu ne, na taka nawa na yi kwana uku ina hangen nasa.

Gyaran bai ɗauke ni rabin yini ba. Abin da ya ɗauke ni kwana huɗu shi ne abin da zan yi da bakina. Zan iya zuwa in ce wa Safwan sabon shafi na kawo, in sa gyaran, in dawo. Ba wanda zai sani har abada. Sunaye sun riga sun daina ɓata, magana ta mutu, kuma wata ƙungiya a Maiyama ta fara tambayar ko zan yi musu irin wannan manhajar. A kwanakin nan duk wanda ya kalle ni sau biyu sai in ga kamar ya sani. Safwan ya kira yana tambayar yadda ake sake buga takarda, na yi ta juya maganarsa ina neman abin da yake nufi.

Rana ta huɗu na gamu da Malam Ya'ƙub a tashar Jega, yana zaune a benci yana jiran mota. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi babana, ya tambayi aiki. Muna cikin haka sai mutumin da ke kusa da shi, wani da na sani a rumfa, ya ɗauke jakarsa daga tsakaninsu ya mayar ɗaya gefen. Malam ya gani. Ya ci gaba da tambayata ko an yi ruwa wajenmu.

Washegari na tafi wurin Alhaji Mukhtar. Ya tara 'yan kwamiti, su shida, na yi bayani tun daga farko. Ban kai ƙarshe ba na ga fuskokinsu sun canza, amma ba irin canjin da na zata ba.

"Wa yaz zo wurinki?" in ji Alhaji. "Malam ya aiko a roƙe ki?"

"Ba wanda yaz zo, Alhaji."

"Ke kinka ce muna na'ura ba ta ƙarya. Ke kinka kawo takarda da lokutta. Yanzu ke ta kuma kika cewa ba haka ba. Wace Rahma za mu ɗauka?"

Wani daga cikinsu ya ce ai an gan mu tare a tashar Jega. Ashe ni ma an fara kallon hannuna.

Na ce kada su ɗauki maganata. Na juya laftof na ajiye a gaban Alhaji, da tsohuwar manhajar yadda take. Yana da albasa a rumfa a lokacin. Na ce ya nemi sunansa ya danna fitarwa da hannunsa. Ya danna. Shafin zaɓar ɗaki ya buɗe.

"Yanzu ka ruhe, Alhaji. Ka ɗauka Liman na yas shigo."

Ya rufe. Muka zauna muna kallon agogon bango. Minti goma sha ɗaya a ɗakin da ba a yarda da kai ba suna da tsawo. Da suka cika ya buɗe, ya shiga, ya duba rumfa, ya duba ɗakuna. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"To ina nike?" ya ce.

"Ba ka ko'ina, Alhaji. Da gobe da sahe anka buga takarda, bayan katanga za a kai ta."

 Ya sa na mayar da sunansa a gabansa, ya aika a kira Malam Ya'ƙub daga Jiga Makera.

Bayan azahar ya iso. Alhaji ya yi masa bayani, ya ba shi haƙuri a madadin ƙungiya, ya tura makullai gabansa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yahe man. Kuskurena na, ba naka ba." Ina kuka, kuma na ji haushin kukan, don ba ni aka yi wa abu ba.

"Na yahe miki, ɗiyata," ya ce. Bai taɓa makullan ba. "Amma takarda ta hwarko gaban mutum arba'in anka karanta ta. Wagga kuwa gaban shidda anka hwaɗe ta, ƙohwa ruhe. In za a wanke ni, a wanke ni inda anka shahwa man."

Ba wanda ya iya cewa bai yi gaskiya ba. Aka sa ranar taro, aka aika har Liba da Gumbin Kure.

Mutanen da suka zo sun fi na farko yawa. Na tsaya a ƙarƙashin rumfa, warin albasa na shiga idona, na faɗi komai. Ban ambaci bin ko tiransakshan ba. Na ce aiki biyu ne ya kamata in ɗaure wuri ɗaya na bar su a sake, kuma duk sunan da ya faɗi, ta wannan ramin ya faɗi. Na ce Malam Ya'ƙub bai yi komai ba sai tashi gaida manya.

Tamu ya miƙe daga baya. "To albasata, wa yak kashe ta?"

"Ni ta, Malam Tamu."

Ya dube ni, ya dubi Malam Ya'ƙub, kamar yana auna wanda ya fi kama da mai laifi. Dattijo mai makullai da manyan abokai ya fi dacewa da labarin da ya riga ya kai gida. Ya koma ya zauna bai ce ya yarda ba.

Alhaji ya miƙa makullai, Malam ya karɓa da hannu biyu, aka yi fatiha. Ana watsewa na ji wani yana ce wa na kusa da shi, ba da ƙarfi ba, "An dai ruhwa asiri. Yarinya ta ɗauke wa tsoho kaya." Na juya in ga ko Malam ya ji. Yana nan kusa da ni, yana ƙoƙarin zura makullai a aljihu, sai da ya gwada sau biyu kafin su shiga.

Na sa gyaran a ranar. Yanzu ko an yi awa guda ana gaisuwa, sunan mutum yana nan a rumfa har sai an zaɓa masa ɗaki, kuma tun daga lokacin ba wanda ya ɓata. Satin da ya wuce na je duba na'urar buga takarda, na tarar da wani manomin Liba a gaban teburin Malam. Malam ya gama masa aiki, ya juya masa allo ya nuna masa sunansa a ɗaki na ashirin da uku, ya ce an gama. Mutumin bai tafi ba. Ya leƙa waje ya kira ɗan'uwansa ya tsaya shaida, sannan ya ce a rubuta masa lambar ɗakin a takarda, a sa hannu.

Malam Ya'ƙub ya yagi takarda ya rubuta, ya sa hannu, ya miƙa wa shaidan ma ya duba.